Makara a Bakin Layin Tarago

Makarar mahaifinsa na kan kafaɗarsa lokacin da na'urar da ke ɗaure a idon sawunsa ta fara ƙara.

Ɗaurin talala alƙali ya yi masa maimakon kurkuku: ya zauna a unguwarsu ta Kasabalanka, kada ya kuskura ya tsallake layin dogon da tarago ke bi. Maƙabarta kuwa tana can tsallake. Tun da tsohon ya cika da hantsi yake kiran jami'in da ke sa masa ido, waya ta ƙi shiga.

Ya rage sauri, gumi na tsiyaya cikin jallabiyarsa. Masu rakiya suka fara karo da juna a bayansa.

"Kai, taka mana!" in ji baffansa. "Ubanka ka ɗauko fa, ba buhun gawayi ba."

"Baffa, in na tsallaka, rufe ni za su yi. Wa zai riƙe Inna?"

"To dire shi a titi, mu ga ƙarshen rashin kunya."

Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya sake ɗagawa. Sai ya ji wata kafaɗa ta shigo ƙarƙashin makarar, nauyin ya bar shi. Ya waiwaya. Mahaucin unguwar ne, mutumin da ya tsiyaye wa ido a faɗan da ya kai shi gaban alƙali.

"Koma gida," in ji mahaucin, ko kallonsa bai yi ba. "Ba don kai ba ne. Da nake kwance a asibiti, tsohon nan ne ke ba ni abinci a baki. Ni zan sa shi a kabari."