Mahaƙin Rijiya a Ajin Ɗansa

Tunda ka ce girma ya kama ka, ba ka iya komawa aji da 'ya'ya biyar a gida, gyara zama in ba ka misalin wani mahaƙin rijiya. Shekara talatin ya yi yana sauka cikin ƙasa da igiya a ƙugu, har ya kai in ya murza laka a yatsa sai ya faɗi gaba nawa ya rage a tadda ruwa. Da shekarunsa suka haura hamsin sai ƙirji ya ƙi. In ya sauka gaba goma numfashi ya gagara, sai an jawo shi kamar guga. Ga iyali, ga burtsatse ta cika ƙauyuka, ba mai neman rijiya kuma. Amma ya lura injinan nan masu jan ruwa da hasken rana kan lalace, gari ya yi wata guda yana jiran mai gyara daga birni. Ya je makarantar koyon sana'a, aka ce ana maraba da shi, sai dai akwai jarrabawar shiga ta karatu da lissafi, saura wata shida. Shi kuwa bai taɓa shiga aji ba. Ya sayi littafi da fensir, ya nufi ajin manya da ake yi bayan la'asar. Yana sa ƙafa ya ga wanda ke tsaye gaban allo: ɗansa na fari.

To, ka san al'adarmu. Tun ranar suna bakin mutumin nan bai taɓa furta sunan ɗan ba, daga "wancan" sai "kai", kuma bai taɓa neman wani abu a hannunsa ba. Ya wuce can benci na ƙarshe ya sunkuyar da kai. Shi ma ɗan nasa, kunya ta hana shi duban wannan kusurwa. In yana zagaye yana duba littattafai, sai ya juyo kafin ya isa wurin. Wata uku ana haka. Masu tireda da matan aure duk sun fara haɗa baƙi, shi kuwa littafinsa kamar kaji sun yi tsere a kai, ba mai gyara masa, shi kuma bai tambaya ba. Ran nan ana darasin rabawa, lissafi ya cuɗe masa. Ya ƙirga watannin da suka rage, ya tuna masu jiran tuwo a gidansa. Sai aka ga hannun nan mai kanta yana ɗaguwa a hankali, kamar ana ɗaga dutse.

"Malam," in ji shi, "ban gane ba. A taimaka a maimaita mini."

Alli ya suɓuce daga hannun ɗan. Ya tuɓe takalmansa a gaban allo, ya taka har benci na ƙarshe, ya durƙusa kamar mai gaisuwar safe, ya kama hannun mahaifinsa da fensirin a ciki. "Baba," ya ce, "daga nan za mu fara." Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Yau na ga tulu yana ba rijiya ruwa."

Dattijo ya ci jarrabawa. Ya yi shekara biyu cikin samari sa'o'in 'ya'yansa, suna ce masa Baban Aji, har ya fito da takardar shaidarsa. Ranar da ya fara gyara inji shi kaɗai, a wani ƙauye da ya kwana arba'in ba ruwa, ya haɗa wayar ƙarshe, ya kara kunne a bututu. Ya ji ruwa na tahowa daga gaba ɗari, zurfin da bai taɓa kaiwa da igiya ba, shi kuwa ga shi tsaye a kan ƙasa, yana numfashi lafiya lau. Mata suna guɗa, shi bakinsa tasbihi kawai yake yi.

Don haka gobe ka je ka karɓo takardar shiga makaranta ka cike. Magabata sun riga sun gama magana: gemu ba ya hana ilimi.