Jeren Ɗakin Inna

Inna Raishatu ba ta ko ɗaga faifan sama ba. Ta shafa shi da tafin hannu, ta bi bakinsa da babban yatsa, ta ce, "Madalla, hannunki na nan," sannan ta tura shi ƙarƙashin matashi. Shi ke nan. Faifan da 'yarta Zuhaira ta ɓata damina guda tana saƙawa, kaba ja da shuɗiya da ruwan ɗorawa, ta ɗauko shi tun daga Belbeji har Tanut a naɗe cikin zane.

Zuhaira ta kalli bango.

A Belbeji, inda take aure, ba a yi wa amarya jere sai da ita. Kuma wurin wa ta koya? Wurin wannan tsohuwar, wadda a da in launi ɗaya ya kauce a saƙa sai ta sa a warware duka. Amma yau dubi ɗakinta. Faifan roba na kasuwa a bango, ɗaya ma a karkace. Langa manya da ƙanana an cusa su lungu guda. Randa dab da bakin ƙofa. Tsakar ɗaki fayau, ko tabarma babu. Ga wata igiya an ɗaure daga ƙofa har bayan gida, wai ta shanya ce, ba a kuwa taɓa ganin ko ɗankwali a kanta ba.

Duk wannan aikin Ramla ne, matar ƙanenta Husaini.

"Inna, bari in gyara miki jeren nan," in ji Zuhaira, kamar yadda take cewa duk zuwa.

"Bar shi yadda Ramla ta aje."

Kullum amsar ke nan. Kishi ne ke cin Zuhaira, ita ma ta sani, kuma sanin bai rage mata komai ba. Mace da 'ya'yanta har sun isa aure, tana kishin yarinyar da ba ta iya ko ƙulla bakin faifai ba! Suruka da ya kamata ta riƙa sunkuyar da kai, ita ce ta zama 'yar lele. Abinci sai daga hannunta. Ko zaure Inna za ta fita, hannunta na kafaɗar Ramla. Ita kuwa Zuhaira ta taɓa zuwa da sabuwar atamfa mai ɗaukar ido, ta zauna, ta tashi, ta sake zama, uwar da a da ko sabon ɗan kunne ba ya wuce idonta ba ta ce uffan ba.

Gab da Babbar Salla ta sake zuwa Tanut ba sanarwa. Ta tarar da ɗakin a rufe.

"Inna da Ramla sun tafi Damagaram, Yaya," in ji Husaini, yana sosa ƙeya. "Ganin dangi. Gobe za su dawo."

Ganin dangi! Dangin Zuhaira ne fa, kuma ba wanda ya ko buga mata waya. Nan take ta yanke shawara. Uwa dai tata ce, ɗakin nan a cikinsa aka haife ta, kuma ido ba ya ganin kyau ya ƙi. Bari Inna ta ga bambancin hannun 'ya da na baƙuwa sau ɗaya tak, sai a gani ko za ta ƙara ambatar Ramla.

Ta ɗaure zane a ƙugu. Ta fitar da komai tsakar gida, ta shafe bango da farar ƙasa. Faifan roba ta watsa su bayan rumbu. Igiyar nan ta sa wuƙa ta datse, ta ji sanyi a ranta. Ta maida randa ƙurya, ta ja gado zuwa bangon gabas. A inda gadon yake a da ta tayar da jeren langa, babba a ƙasa, ƙarama a sama, har ya kusa kai rufi, ta kewaye shi da ƙoren kakarta masu zane. A ƙarƙashin matashi ta sami duka faya-fayan da ta riƙa kawo mata, bakinsu ya yi laushi, ta jera su a bango launi na bin launi.

Gaskiya ɗaki ya yi kyau. Ko maƙiyin Zuhaira ba zai ce bai yi ba.

Washegari da la'asar ta ji sallamarsu. Ta tsaya tsakiyar ɗakin. Ba ta so ta ce komai sai ta ga fuskar uwarta tukuna.

Ramla ta kawo Inna bakin ƙofa ta koma zaure kwaso kaya. Inna ta shigo da saurinta na mai ɗaki. Ta wuce Zuhaira har gefen mayafinta ya taɓa ta, ta nufi inda ta saba, ta juya, ta saki jiki ta zauna.

Langa suka zubo mata a ka. Ƙoren kaka suka dare a ƙarƙashinta.

Zuhaira ta yi tsalle ta kama hannunta, murya ta ƙi fita. Inna ta damƙe hannun tamau, jini na bin goshinta, ta ɗago fuska, idanunta a buɗe tar a kan fuskar 'yarta.

"Ramla, ɗaga ni maza," ta ce a hankali. "Kuma don Allah kada Zuhaira ta ji na faɗi. In ta ji, za ta gane na daina gani."