Ɗan Shekara Goma Sha Biyu

Da alƙalin wasa ya busa tashi, kocin ko motsi bai yi ba daga kan benci. Ci biyar da nema, kofin ƙananan yara na Ogbomoso ya zama nasu, amma shi gajiya kawai yake ji har cikin ƙashi.

Shekara bakwai yana horar da yaran unguwa ana lallasa su, iyaye na bin sa da gori har bakin coci. Bana haƙurinsa ya ƙare. Ya samo wani gajeren saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, ya sa aka aske masa gashin baki, ya haɗa shi da takardar haihuwar ƙanen saurayin, yaro ɗan shekara goma sha biyu. Saurayin ne ya zura duka biyar ɗin.

Yara suka jeru don gaisawa. Ƙaramin golan da aka ci yana tafe yana share hawaye, yana miƙa wa kowa hannu. Da ya iso gaban saurayin sai ya janye hannun, ya kwanta rub da ciki.

"Kai, tashi! Wane iskanci ne wannan?" in ji alƙalin wasa.

"Ba iskanci ba ne, Baba. Mamata ta hana ni miƙa wa babba hannu, kwanciya ake yi a gaishe shi. Abokin yayana ne, har goya ni ya yi ina ƙarami." Ya ɗago kai. "Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Kocin ya miƙe da ƙyar, ya nufi teburin masu shirya gasar tun kafin a kira shi.