Manhajar da Ke Hutun La'asar

Inna ta zare cajar da ta tarar a soket ɗin falo, ta jona rediyonta, sannan ta lura Auta bai ko taɓa abincinsa ba.

Ita karatunta bai je ko'ina ba, amma abu ɗaya ta riƙe gam: duk wanda ya yi aiki, to ya iya faɗin dalilinsa. A kan haka ta reni 'ya'yanta, da sanda a kusa.

Da ƙyar Auta ya fito da abin da ke cinsa. Manhajar da ya gina tun yana saurayi, a falon nan, kan wata tsohuwar kwamfuta, yanzu shagunan magani birjik ke aiki da ita. Sai dai kullum bayan la'asar takan adana komai ta tsaya cak na ɗan lokaci, masu saye su yi ta layi. Abokan aikinsa sun ɗauka wata dabarar tsaro ce mai zurfi, kowa na tsoron taɓa wurin. Ga sabuwar shugaba ta kafa doka: kowane tsari a rubuta dalilinsa, kowa ya karanta. Gobe ko ya kawo nasa, ko a miƙa wa wani ragamar aikin.

"Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba, Inna."

"To wane sakarai ne ya jawo haka?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa, da ke tsaye bakin kicin, ta toshe baki da gefen gyale ta koma ciki.

Ran Inna ya ɓaci. Yaran yanzu, ga digiri, ga tsoro.

"Ni ban haifi mai rufa wa sakarai asiri ba. Ko ɗan uban waye, rubuta, ka karanto min. Idan ya sha kunya, gobe ba zai ƙara ba."

"Inna, da dai an bar maganar..."

"Rubuta, na ce!"

Ya rubuta. Ta gyara zama, ta rage muryar rediyo, alfarmar da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta harɗe hannuwa tana jiran jin mai laifi.

Auta ya ɗan matsa nesa da sandarta, ya karanta:

"Dalili: a daidai lokacin ne mahaifiyata take zare kwamfutar ta jona rediyonta, kuma har yau ba a haifi mai hana ta ba."