Mai Shirya Bikin Agadas

"Ke za ki kai mini baƙi ɗari biyu Agadas, a tsakiyar bazara?" Hajiya ta tambaya, tana duban matashiyar tun daga ɗankwali har silifas.

Autarta za ta aurar, kuma ta rantse sai an yi bikin da Katsina ba ta taɓa jin irinsa ba: jirage biyu, rumfunan fata a kan rairayi, liyafa a kusa da tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya. Kamfanoni uku sun zo daga Abuja, ta sallame su. Yanzu ga wata 'yar Batsari da ƙanwar Hajiya ta turo, ko ofis ba ta da shi.

"Zafin ranar can ba ya wasa. Kin taɓa ɗaukar nauyin jama'a haka?"

"Na taɓa, Hajiya. Ranar da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyenmu a ƙasar Safana, maza suka tsaya tare hanya. Ni na ja mata da yara da tsofaffi har Batsari a ƙafa, da azumi a bakinmu. Da murfin jarka nake auna wa yara ruwa."

Hajiya ta ajiye wayarta. Muryarta ta yi ƙasa. "Ku nawa ne?"

"Ɗari uku da shida muka fito."

"Nawa suka isa?"

Matashiyar ta ɗaga kai.

"Ɗari uku da bakwai. Ni na yanke wa jaririyar cibiya a gindin wata tsamiya."

Da hannu biyu Hajiya ta miƙa mata takardar sunayen baƙi.