Ƙyallen Mai Akwatin Tango

Kai Tanimu, wannan ma tambaya ce? Ka tako takanas ka same ni ina tsintar wake, gwiwoyina na ciwo, wai in faɗa maka ko ka karɓi aikin koyar da kiɗa ko ka tsaya inda ake tafa maka. Ni da ban taɓa leƙa aji ba, yau ni ce mai ba makaɗi shawara? Miƙo min faifan nan ka zauna. Sau ɗaya zan faɗa, ba ni da yawun maimaici.

Zamanin da ake haƙar kuza, akwai wani kulob a Jos inda Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, da Turawa ke zuwa rawa ranar Asabar. Rawar ta mutum biyu ce, namiji da mace su riƙe juna suna jan ƙafa kamar masu gudun taka ƙaya, suna ce mata tango. Makaɗa biyu ke riƙe da wurin, dukansu 'yan ƙasar nan. Ɗaya yana da goge irin na Turawa, wanda ake maƙalewa a haɓa. Ɗayan yana da wani akwati da ake ɗorawa a cinya, a ja a tura kamar zuga-zugin maƙeri, ga maɓallai ta kowane gefe. Wani tsohon baƙo ne ya zauna ya koya masa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa shi. Akwatin kuwa akwai taurin kai: maɓalli ɗaya, in ka ja ya yi kuka iri ɗaya, in ka tura ya yi wani daban. Masu kaɗa shi sukan shimfiɗa ɗan ƙyalle a cinya don kada ya cinye musu wando. Shi mutumin nan sai ya sa tela ya ɗinko masa babba, in zai fara kiɗa ya jawo shi har kan hannayensa, don kada wani ido ya ga inda yatsunsa ke sauka. A ransa yana cewa, ranar da aka samu na biyu, ranar tawa ta ƙare.

Mai goge shi kuwa yini yake a zaurensa yana koyar da duk wanda ya zo, akawu ne, ɗan sandan badujala ne, malamin makaranta ne. Su yi ta goga masa ƙara kamar ƙyauren da bai ga mai ba, ya iso kulob da ciwon kai, kafaɗa a sage. Mai akwati ya dube shi ya ce, "Aboki, kai ke wasa wuƙar da za a yanka ka da ita." Shi kuma ya ce, "Wallahi na gaji. Amma ai ni ma ba da kiɗan aka haife ni ba, ba ni aka yi."

To, kuza ta ja baya, masu rawa suka watse ɗaya bayan ɗaya, kulob ya koma wurin ajiyar taki. Tsufa ya zo, sanyin ƙashi ya kama mai akwati, yatsunsa suka lanƙwashe kamar ɗanyar citta. Ya ɗauki akwati ya ja, sai huci. Abin da yake so a duniya bai wuce ya sake jin kukan nan ko sau ɗaya ba, ko da daga hannun wani ne. Sai a lokacin ya yar da ƙyalle, ya aika wa abokinsa ya turo masa mai koyo. Wani magidanci ya zo da ladabinsa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, wanne zan danna?" Tsoho ya dubi maɓallan, ya kasa nuna masa ko ɗaya. Shekara da shekaru bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi kansa bai kalli hannunsa ba, ilimin duk yana cikin yatsu, yatsun kuma sun ƙi motsi. Magidanci ya yi ta zuwa har ya gaji ya daina. Fatar akwati ta bushe ta tsage, ɓeraye suka ƙarasa sauran.

Mai goge ne ya riga shi rasuwa. Amma duk Asabar da la'asar waɗanda ya koyar sukan taru a zaurensa su yi kiɗan, mai akwati ya dogara sanda ya je ya raɓe a bakin ƙofa. A cikin kiɗan akwai wurin da goge ke yin shiru don akwati ya amsa. Haka malaminsu ya koya musu, haka suke yi: su ɗage hannu, su jira, babu mai amsawa, sannan su ci gaba. Tsoho yana zaune yana sauraron shirun. Hannun wanda ya mutu ana jin sa a goge kala-kala, shi da ke raye shirun nan kaɗai ya bari.

Kada ka ɗauka na ce koyarwa akwai daɗi, Tanimu. Babu. Za su kashe maka kunne, rabinsu ko gaisuwar Sallah ba za su zo maka ba. Amma Hausawa sun gama magana: kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Ku kuma yaran nan da kuka laɓe bayan turmi kuna zare ido, da ku nake magana? Ku wanke ƙafafunku, kowa ya nufi tabarmarsa. Kada in tashi.