Sabuwar Hantar Clarrie

Reza ta ɗan yanki haɓar Clarrie, ya tsaya gaban madubin asibiti yana jira. Jinin ya ɗigo, ya ɗigo, sai ya tsaya da kansa. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin haka ba.

Da ciwon ya zo duniya, jininsa ba ya daskarewa. Ƙarin jinin da aka yi ta yi masa tun yana yaro shi ya bar masa cutar da ta cinye hantarsa. Da aka kira shi zuwa asibitin birnin Brisbane aka dasa masa wata, sai ga jinin ma ya gyaru, don a hanta ake haɗa abin da ke tsayar da shi. Mai hantar kuwa, asibiti ba ya faɗin sunansa.

Mutum ɗaya yake so ya nuna wa haɓar nan, ƙanensa Wes, mai korar shanu a kan babur can garin Longreach, hular kwanonsa kullum na rataye a ƙusa tana shan ƙura. Wes ke ce masa "Bokiti mai yoyo". Shi kuma yakan rama da jifansa da gyaɗa, don ƙwaya ɗaya in ta shiga bakin Wes, leɓe ya kumbura ke nan, maƙogwaro ya toshe.

"Noelene, wai ina ɗan banzan nan? Ko waya babu?"

Matarsa ta juya tana gyara labule. "Ka san lokacin tara shanu ne. Kai dai ka warke tukuna."

Uwarsu ta zo dubiya. Ta ɗora hannu a kan ɗinkin cikinsa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ranar da aka ce ya ci abin da ransa ke so, ya laluba jaka ya ciro ƙullin gyaɗar da ya tanada don tsokanar Wes. Abin da yake ci tun yana rarrafe. Ya watsa a baki.

Leɓensa ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura. Numfashi ya sarƙe. Likita ta shigo a guje da allura, tana cewa wani lokaci hanta kan taho da abin da jikin mai ita ya ƙi.

Clarrie bai bi ta kanta ba. Noelene yake kallo, ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta.

Ashe duk cigiyar nan da yake yi, Wes ya riga ya rasu, hantarsa ce kwance a ƙarƙashin ɗinkin.